Daɓe a Ƙarƙashin Gonar Baba Isa

Shekaranjiya ina zaune a rumfar mai faci da ke bakin titin Rijiyar Zaki, sai ga ɗaya daga cikinku, ku matasan direbobin motar noma, ya iso da tantan, ya ce a cika masa tayoyin baya da iska har sai sun yi tauri. Na tambaye shi inda za shi. Ya ce gona, an yi ruwa jiya, mai gona yana jira. Na ce to iskar nan fa ta mece ce? Ya ce ita ke sa mota gudu a kwalta, kuma ba ta shan mai da yawa. Har ya ƙara min da cewa, "Baba, ai aikin nan zama ne kawai, mota ke yin komai." Aka cika masa, ya ja motarsa ya tafi. Amma abin ya tsaya min a rai, shi ya sa zan faɗa muku sau ɗaya, wanda zai ji ya ji.

Na tuƙa motar noma tun ina iya ɗaga faifan garma ni kaɗai, har ranar da bayana ya ƙi. A hannun Malam Tanko na koya, a gonakin noman rani na Watari. Mutum ne gajere mai faɗa, wanda bai yarda da gaggawa ba ko a wurin cin abinci. Na yi damina guda da rani guda a wurinsa ban taɓa sitiyari ba. Aikina shafa giris, ɗaure noti, ɗaukar jarka, da tsayawa a rana ina kallon yadda taya ke taka ƙasa. A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai irin ta masu gida.

Wata safiya muka je wani fili da aka ba ruwa, ya kashe mota a bakin gona ya ce in cire takalmi. Na cire. Ya ce, "Taka da tafin ƙafarka duka." Na taka, sawun ya fito sama-sama. Ya ce, "Yanzu da dunduniya kaɗai." Na taka, dunduniyar ta nutse har idon sawu ya kusa taɓa ƙasa. Ya ce, "Nauyinka ya ƙaru ne?" Na ce a'a. Sai ya ɗora min buhun iri a ka ya ce in sake takawa da tafin ƙafa duka. Wannan karon sawun bai yi zurfi sosai ba, amma da ya tona gefensa da yatsa, ƙasar da ke can ƙarƙashi ta danne ta yi tauri fiye da ta sawun farko. Ya share hannunsa a riga ya ce, "To ka gani, Ɗanlami. Siririyar ƙafa sama take yankawa. Nauyi kuwa ciki yake shiga, ko da ƙafar tana da faɗi. Idan suka haɗu, siriri da nauyi, gona ta shiga uku."

Abin da ya koya min ke nan, sauran duk ƙari ne. Tayar da aka cika da iska ba ta taɓa ƙasa sai da ɗan wuri zagayayye, duk nauyin mota ya taru a nan. Idan ka rage mata iska sai ta ɗan kwanta, sawunta ya yi tsawo, nauyin ya bazu. Ba mu da abin awon iska a lokacin. Malam Tanko yakan tsuguna ya dubi cikin tayar, in ya ga ya ɗan fito kamar na mutumin da ya ƙoshi, sai ya ce ya yi. Dogon sawu ya fi masa faffaɗa, don dogon yana bin hanyarsa ne, faffaɗan kuwa sabuwar ƙasa yake ci. Kafin mu shiga kowace gona yakan tona ya ɗebo ƙasa ya dunƙula a hannu. In ta wargaje, mu shiga. In ta riƙe ta nuna shatin yatsunsa tana ƙyalli, sai ya ce mu koma gida, mai gona ya yi ta zagi in ya so. Kuma in dole ka ratsa gona da kaya, ka bi sawunka na farko ka dawo ta kansa, don takun farko shi ke yin ɓarna mafi yawa.

Masu gona ba sa son jin wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Da an yi ruwan shuka kowa yana so a fara da tasa. Gonakin nan namu ƙanana ne, wannan manne da wannan, ga shingen gamba, ga ɗorawa a tsakiya da ba a taɓawa. Kafin ka miƙe ka kai ƙarshe, sai juyi. Mutum zai biyo ka har gida tun kana alwalar asuba, ya ce maƙwabcinsa ya shuka shi bai shuka ba. Ka ce masa ƙasarsa ta cika danshi, ya ce ai danshin yake so. Na sha komawa gida hannu banza saboda wannan, na kuma sha shiga inda bai kamata ba saboda yawan roƙo.

Sai shekarun wahala suka zo. Ku ba ku gan su ba, ko kuna goye. Man gas ya zama sai an kwana a layi. Sabuwar taya ta zama labari, muna ɗinke tsohuwa da noti da guntun wata tayar daga ciki, tana tafiya tana ɗingishi. Wasu suka riƙa ɗaura tayoyin babbar mota a tirela, sirara masu tauri, don su ake samu. Takin zamani ya ɓace daga kasuwa, wanda ya rage kuma ba na talaka ba ne. Mutane suka koma wa takin juji na cikin birni, irin wanda kakanninmu ke kawowa a kan jakuna. Sai dai jakunan sun yi ƙaranci, an sayar da yawancinsu a shekarun da ake ganin mota ta zo ke nan.

A wannan lokacin ne abin gonar Baba Isa ya faru. Gonar tana bayan garinsu a ƙasar Ungogo, ƙofar gidansa tana kallon ta. Ni nake yi masa huɗa kowace shekara tun da na fara cin gashin kaina. Ban taɓa sa garma a ƙasa mai daɗinta ba. Jigawa ce mai ɗan laka, ta yi duhu saboda takin da aka yi ta zuba mata tun zamanin kakansa. In ka taka ta bayan ruwa sai ka ji kamar ka taka gari. Garma na shiga tana wucewa, injin ko nishi ba ya yi.

Gonar gado ce da ba a raba ba. Baba Isa ne babba a maza, shi ke nomawa, da kaka ya aika wa ƙannensa biyu da ke birni rabonsu na dawa da wake. Da birni ya fara matsowa, dillalan filaye suka fara zagaye suna yanka gonaki fuloti-fuloti, ƙannen suka zo da maganar a sayar a raba. Ba mugaye ba ne. Ɗaya masaƙar da yake aiki ta rufe, ɗayan yana da mara lafiya a gida. Baba Isa ya ce musu kuɗi ƙarewa suke yi, gona kuwa kowace shekara haihuwa take. Suka ce to, muddin tana cika rumbu suna samun abin kai wa iyali, sun bar maganar. Ranar da ta kasa, a sayar. A kan haka aka tashi.

Babban ɗansa Habu yana sayar da yadi a birni, kuma yaro ne mai son ubansa. Da ya ga babu takin zamani, ya ce ba zai bari gonar ta kasa ba. Tun da rani ya yi magana da wani mai tifa ya kawo takin juji, amma saboda rashin mai tifar ba ta samu zuwa ba sai bayan an yi ruwan farko. Direban ya loda mata kayan sawu biyu a sawu ɗaya, don kada ya ƙona mai sau biyu. Da ya iso kuma ya ga tsoho, sai ya ji tausayinsa. Maimakon ya juye a bakin gona a bar su da jida, ya shiga da motar ciki yana zagayawa, yana zubar da tsibi nan, tsibi can. Haka ya yi ta yi har ya gama sawunsa duka. Baba Isa ya yi ta sa masa albarka, har da kyautar zabi.

Da na zo huɗa na tarar da sawun tifa ya ratsa gonar ta ko'ina, wani wurin zurfinsa ya kai rabin ƙwauri. Na ce wa Habu, "Da ka bari ta juye a waje, jakuna su shigar." Ya ce, "Malam Ɗanlami, jakunan suna ina? Kafin in tara su damina ta yi nisa." Gaskiya ya faɗa. Na sa garma na bi ta kai, ramukan suka shafe, gona ta yi sumul, baƙa wuluk da taki. Kowa ya ji daɗi. Ni ma na ɗauka garma ta gyara abin da tifa ta ɓata.

Dawa ta tsiro da kyau. Sai da damina ta kankama aka fara ganin abin. In an yi ruwa, sai ya kwanta layi-layi a gonar ya ƙi shiga, alhali da can kafin ka fito daga ɗaki ta shanye. Dawar da ke kan layukan ta yi rawaya ta tsugune. Da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, ita ce kuma ta fara yaushi. Iskar ƙarshen damina ta zo ta kwantar da ita kamar ba a dasa ta a ƙasa ba. Rumbu bai cika ba a shekarar.

Mutanen gari suka taru a kan magana ɗaya, wai ƙasa ta gaji, yunwa take ji. Abin da muka sani ke nan tun tasowarmu, gonar da ta rage haihuwa taki take nema. Wasu suka ce a yi sauka ko hannu aka sa mata, aka yi. Baba Isa ya je birni ya roƙi ƙannensa su ƙara masa shekara, suka ƙara. Habu kuwa ya rage kayan shagonsa ya ninka takin. Tifar ta dawo, a kan danshi kamar bara, don har yanzu sai lokacin ake samun ta. Na ce a hana ta shiga. Baba Isa ya ce, "Ɗanlami, taya ai taya ce. Taka tana shiga shekara da shekaru, me ta yi?" Na ce tawa da tata ba ɗaya ba ne, na yi masa bayanin dunduniya da tafin ƙafa. Ya saurara da ladabi irin na dattijon da ya riga ya yanke shawara. Wuraren da tifar ba ta taka bara ba, bana ta taka su. Amfanin shekarar bai kai na bara ba.

Bayan an yi girbi na biya ta gonar da hantsi, na same shi yana tuge tushiyar dawa. Ya miƙo min ɗaya. Saiwar ta sauka kaɗan, sai ta lanƙwashe ta bazu gefe, shimfiɗe kamar tafin hannu. Ya aika aka kawo diga. Saran farko ya shiga cikin ƙasar sama da garmata ke juyawa. Na biyu sai digar ta yi ƙara ta dawo. Muka share ƙasar saman da hannu, sai ga wani dandamali a ƙarƙashi, mai santsi, mai tauri.

Yayarsa Inna Tabawa tana can gefe tana tsintar ragowar wake. Tsohuwa ce sosai a lokacin, kuma a zamaninta ita ce ake kira duk gidan da za a yi daɓen ɗaki a garin. Ta taho a hankali ta durƙusa, ta shafa wurin da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Isa, wa ya yi maka daɓe a gona?"

"Daɓe kuma, Yaya?"

"Daɓe mana. Ni za a gaya wa? Ai ba a yin sa a busasshiyar ƙasa, ba a yin sa a caɓi. Yayyafa ruwa ake yi a bar ta ta kwana ta yi danshi, sannan a hau ta da madaɓi. A daka, a bari, a sake dakawa. Wanda aka yi haka, ko tulu ka fasa a kai ruwan ba zai shiga ba." Ta sake shafawa. "Wanda ya yi wannan ya iya. Ko ni ban taɓa yin mai kaurinsa ba."

Habu ya zo daga birni a ranar, yana tsaye a bayanmu da farar rigarsa. Sai kawai na ga ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Baba, ni na yi ke nan." Baba Isa ya ce, "Kai taki ka kawo. Tashi, kada ka ɓata rigarka." Na ji tausayin yaron nan har cikin raina, don duk abin da ya yi, so ne ya sa shi.

Suka tambaye ni ko garma za ta fasa. Na ce ba za ta kai ba. Faifan garma iyakarsa tsawon tafin hannu da ɗan ƙari, daɓen kuwa daga nan ya fara, ya yi ƙasa kusan kamu guda. Akwai wani ƙarfe mai dogon haƙori da ake ja don irin wannan, na taɓa ganin sa a Watari lokacin da abubuwa ke tafiya. Na je na duba, na same shi a yashe cikin ciyawa, haƙorin ya karye, babu mai kawo wani. Ko da lafiyarsa ƙalau, tantan ɗita mai ɗinkakkun tayoyi ba za ta iya jan sa ba.

Baba Isa ya sake zuwa birni. Ya ce wa ƙannensa yanzu ya san ciwon, su ba shi damina ɗaya tak. Suka ce za su yi shawara. Bai jira shawararsu ba, ya ɗauki diga ya fara daga kusurwar gabas. Yakan kwashe ƙasar sama gefe, ya fasa daɓen gunduwa-gunduwa, ya zuba taki da ɓawon gyaɗa a ciki, ya mayar da ƙasar. Ya samo wani mai jakuna biyu yana shigar masa da takin a mangala. Ya hana kowace taya shiga, har keken jikokinsa. Ni ma ya ce min, "Ɗanlami, bana ka yi haƙuri, shanu za su yi min huɗa." Na ce ko ni ne abin da zan yi ke nan.

A ranin nan babu aikin gona, na koma jidar yashi da tirela wa masu gini, kuma hanyata ta gefen gonar take. Duk wucewar da zan yi ina ganin sa, tsoho a sunkuye, diga na tashi tana sauka. Ranar Juma'a Habu kan zo ya karɓe shi, hannun mai auna yadi ya yi ta fashewa. In na tsaya gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce. "Kana ganin za ta gyaru?" In ce sai ruwa ya sauka za mu sani, Baba. Ya ce haka ne, ya koma sara. Kafin zafin bazara ya yi tsanani ya fasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar.

Ruwan bai riske shi a gonar ba. Ana saura kaɗan damina ƙannen suka zo da dillali da mai unguwa. Mara lafiyar nan jiki ya yi tsanani, ɗayan kuma an ba shi wa'adin tashi daga gidan haya. Suka ce sun yi haƙurin shekara biyu, ba su da na ta uku. Baba Isa bai yi jayayya ba, don alkawari ne shi ya ɗauka da bakinsa. Ya roƙi dillalin a bar shi ya shuka kusurwar gabas kaɗai ya ga abin da za ta yi. Dillalin ya ce masu saye suna sauri. Aka kafa duwatsu, aka yanka ta fuloti-fuloti.

Ni aka ɗauka jidar yashi da tsakuwa a wurin. Ban so ba, amma gidana ma ana cin abinci. Ranar da aka fara tona harsashin gini ina sauke kaya, na ji babban maginin yana yi wa mai fulotin albishir. "Alhaji, ka yi sa'ar wuri. Dubi ƙasar nan, kamar an yi ta don gini. Ba sai mun yi zurfi ba." Leburori suna ta sara diga na ƙara, kowa na murna.

Bayan kwana biyu aikin ya kai kusurwar gabas. Ina isowa na tarar da maginin nan tsaye a cikin rami yana faɗa. Ya ɗebo ƙasa ya dunƙula ta wargaje a hannunsa, baƙa, da ɓawon gyaɗa a ciki. Ya ce, "Wane ne ya ɓata nan? Ƙasa ruɓu-ruɓu kamar gari, ko'ina ka sa shebur sai ya nutse. Wannan ai ruwa za ta yi ta sha. Sai mun ƙara zurfi mun cika da tsakuwa, in ba haka ba gini ba zai tsaya ba." Na karɓi ƙasar a hannunsa na murza. Irin wadda na sani ce a shekarun farko.

Da na sauke kaya na kashe mota na taka zuwa ƙofar gidan Baba Isa. Yana zaune a kan tabarma, ya juya wa gonar baya, kamar yadda ya koma zama tun da aka kafa duwatsun. Muka gaisa. Na rasa ko in faɗa masa ko in yi shiru, sai na faɗa masa abin da maginin ya ce. Ya ɗago.

"Ya ce ta yi laushi?"

"Ya ce kamar gari, Baba."

"Ya ce za ta sha ruwa?"

"Haka ya ce. Faɗa ma yake ta yi."

Ya dubi tafin hannunsa, inda kantar diga ba ta gama bajewa ba. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ta gyaru." Ya sa na maimaita masa maganar maginin daga farko, na maimaita. Washegari da safe ni na kawo tsakuwar da aka cika ramin da ita.